Cire tsiro da tabon fuska ba tare da tiyata ba: abin da na gani a wani asibitin fata a Kano

A danginmu na wajen uwa ana gane mata da wasu ƙananan baƙaƙen ɗigo da ke fitowa a saman kumatu da gefen ido, kamar an yayyafa wa fuskar ƙwayoyin riɗi. Mahaifiyata tana da su, yayarta tana da su, ni ma da na haura shekara 30 sai na ga nawa sun fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ɗaukar su a matsayin ciwo ba, domin ba sa zafi kuma ba sa ƙaiƙayi sai jefi-jefi, amma da na kai shekara 44 na tsaya a gaban madubi na ƙirga fiye da 60 tsakanin fuska da wuya. Waɗanda suka fi damuna ma na wuya ne, masu ɗan reto, irin waɗanda a gida muke haɗa su duka mu kira tusar jaki. Sarƙa tana maƙale musu, bakin hijabi yana gogarsu, kuma akwai ranar da ɗaya ya tsinke rabi ina cikin aji, jini ya ɓata mini wuyan riga.

Kafin in je wurin likita na sha shawarwari iri-iri. Gwaggona ta ce a ɗaure su da zare har su bushe su faɗi, wata maƙwabciya ta ce a shafa tafarnuwa a rufe da filasta, ita kuwa mai yi mini dilka ta nuna mini wani abu mai kama da biro da ta saya ta intanet, ta ce cikin rabin awa za ta share mini fuskar tas a kan kuɗi kaɗan. Abin da ya hana ni amincewa shi ne wata abokiyar aikina da aka yi wa aiki da irin wannan biro. Tsiron nata ya tafi, amma a gurbin kowane ɗaya an bar mata ɗan rami mai duhu, wasu kuma suka yi fari fat, har ta kai ba ta fita sai da hoda mai kauri. Na ga yadda garin neman gira ake rasa ido, saboda haka a watan Disamba, cikin hunturu, na nufi wani asibitin fata mai zaman kansa a cikin birnin Kano, kuma abin da zan bayyana a nan shi ne yadda na sami aikinsu a zuwa bakwai da na yi cikin watanni biyar.

Wurin yana da tsabta, akwai inda mata ke zama daban, kuma ma'aikatan karɓar baƙi suna da fara'a. Sai dai an ba ni ƙarfe 10 na safe, ban shiga wurin likita ba sai da rana ta kusa take tsaka, kuma babu wanda ya fito ya ba mu haƙuri ko ya faɗa mana dalili. Wannan jinkiri ya maimaitu a yawancin zuwan da na yi, don haka duk wadda za ta je ta ɗauka cewa rabin yininta ya tafi.

Da na shiga, fushin jiran ya ragu, domin likitar ta ba ni lokaci fiye da yadda na saba samu a asibiti. Ba ta taɓa na'ura ba sai da ta yi mini tambayoyi masu yawa. Ta ce: “Malama, idan kin ji rauni yaya yake warkewa? Akwai wanda tabonsa ke kumbura ya yi tudu a gidanku?” Ta duba hujin kunnena, ta duba tabon allurar lamba a dantsena, ta tambayi yadda ɗinkin aikin haihuwar da aka yi mini ya warke. Ta tambaye ni man da nake shafawa, ta kuma roƙe ni in faɗi gaskiya ko akwai haɗin bilicin a ciki, domin a cewarta fatar da ta daɗe tana shan irin wannan mai takan yi laushi, ba ta jure ƙuna kuma ba ta warkewa da wuri. Ta tambaya ko ina da ciki, ko ina shan maganin da ke tsinka jini, ko an taɓa dasa mini na'urar daidaita bugun zuciya. Bayan haka ta ɗauko wani ɗan madubin ƙara girma mai fitila a ciki, ta bi fuskata da wuyana da hannuwana tana dubawa, har ta ce in cire safa ta ga tafin ƙafa.

A nan ne na fahimci cewa abin da nake yi wa kallon abu ɗaya, ashe abubuwa huɗu ne mabambanta, kowanne da sababinsa da maganinsa. Ƙananan ɗigon fuskar nan likitoci suna kiran su dermatosis papulosa nigra, kuma wani likita ɗan Italiya mai suna Aldo Castellani ne ya fara siffanta su a shekarar 1925. Gadonsu ake yi, sun fi yawa ga baƙar fata, sun fi bayyana ga mata, ba a ɗaukar su daga wani, kuma ba sa rikiɗewa su zama kansa. Masu reton wuya kuwa ɗan naman fata ne da ke tsirowa inda fata ke gogar fata ko tufafi, wato wuya da hammata da fatar ido da ƙarƙashin nono, kuma suna yawaita ga mai ƙiba, da mai ciki, da wanda jikinsa ya fara bijire wa sinadarin insulin mai daidaita sukari a jini. Wanda ke gefen yatsana, mai kaushi kamar kan farin kabeji, shi ne ainihin tusar jaki, ƙwayar cutar da ake kira HPV ce ke haddasa shi, kuma shi kam yana yaɗuwa. Na huɗu su ne baƙaƙen tabban da ƙurajen fuska suka bar mini a haɓa, waɗanda ba tsiro ba ne sam, launi ne kawai ya taru a inda fata ta taɓa kumbura.

Saboda yawan masu reton wuyan, likitar ta tura ni gwajin sukari kafin in karya. Sakamakon ya nuna 108, wanda ya faɗa tsakanin 100 da 125, matakin da ake cewa mutum bai kamu da ciwon sukari ba amma yana kan hanya. Ban je asibitin da wannan tunani ba ko kaɗan, kuma a ganina wannan gwaji kaɗai ya biya kuɗin ganin likitar, domin mai biron intanet da ta ƙona su ta sallame ni, ni kuma in ci gaba da shan shayina da sukari cokali uku.

Akwai kuma abu na biyar da ta ƙi taɓawa. A tafin ƙafata ta dama akwai wata tawadar Allah da na daɗe da ita, na ce tun da na zo a haɗa da ita. Likitar ta ce a'a. Ta auna ta da ɗan ma'auni, ta ɗauki hotonta, ta ce duk tawadar da ake shakkarta ba a ƙona ta, domin ƙonawa tana lalata naman da ya kamata a kai ɗakin gwaji, kuma idan mugun abu ne to an share samansa an bar saiwarsa tana ci a ƙasa. Ta bayyana mini cewa kansar fata da ake kira melanoma ba ta cika kama baƙar fata ba, amma idan ta zo mana ta fi fitowa a tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce, inda ba a cika dubawa ba. Ita ce ta yi ajalin mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, a 1981, kuma daga ɗan yatsan ƙafarsa ta faro. Alamomin da ta ce in riƙa lura da su su ne idan ɓangare ɗaya bai yi kama da ɗayan ba, ko bakinta ya yi zigi-zaga, ko launinta ya gauraya, ko faɗinta ya wuce milimita 6, ko kuma ta fara sauya kama ko zubar da jini. Tawa ba ta da ko ɗaya daga ciki, amma an sa ta a lissafin abin da za a sake aunawa bayan wata shida.

Bayanin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ta yi game da fatarmu. Ta ce cire tsiron ba shi ne aiki ba, kowa ma zai iya ƙona shi, abin da ake jin tsoro shi ne abin da fata za ta yi bayan an taɓa ta. Ƙwayoyin da ke samar da launi a fatar baƙin mutum suna da saurin harzuƙa. Idan aka ji musu zafi kaɗan sai su zubo launi fiye da ƙima wurin ya yi baƙi, idan kuma aka wuce gona da iri sai su mutu wurin ya yi fari, kuma farin ya fi wuyar gyara. Akwai wani ma'auni da likitan fata na jami'ar Harvard a Amurka, Thomas Fitzpatrick, ya ƙirƙiro a 1975, wanda yanzu ke kasa fata gida shida gwargwadon yadda take amsa rana, kuma yawancinmu muna gida na 5 ne ko na 6. Da yawa daga cikin na'urorin gyaran fata an fara gwada su ne a kan masu farar fata, shi ya sa abin da ya yi kyau a hoton talla yake iya ɓata fuskar Bahaushiya.

Da wannan dalili ta ce ba za ta yi mini amfani da ruwan nitrojin, wanda ake daskarar da tsiro da shi, a fuska ba. Sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, alhali ƙwayoyin launi suna fara lalacewa tun daga kimanin digiri 5 ƙasa da sifili, wato suna mutuwa tun kafin sanyin ya kashe tsiron da ake nufi. Game da leza kuwa, wato na'urar da ke ƙona tsiro da haske, ta ce akwai wadda ake kira Nd:YAG mai tsawon haske 1064, wadda ta fi aminci ga baƙar fata domin haskenta yana ratsa saman fata ba tare da launin ya zuƙe shi sosai ba, amma tana da tsada kuma sakamakonta a kan irin ɗigon fuskata bai fi na allurar lantarki ba. Na yaba da wannan magana, domin suna da lezar a wurin, kuma da ta ce ita ce mafita da na biya ban yi musu ba. Abin da ta zaɓa shi ne siririyar allura mai ɗauke da wutar lantarki mara ƙarfi, wadda ake ɗan taɓa kan tsiron da ita ya bushe a wurinsa.

Sai dai ranar farko guda biyar kawai ta yi mini, a gefen kunne inda ɗankwali ke rufewa, ta ce in dawo bayan mako huɗu a ga yadda fatar ta amsa. Na ji haushi ƙwarai, domin akwai bikin 'yar yayana a farkon Janairu kuma na so in je da sabuwar fuska. Na ce: “Likita, ki taimaka ki yi duka yau, ni na ɗauki nauyin abin da ya biyo baya.” Ta ce: “Malama, sauri ya haifi nawa. Idan fatarki mai yin baƙi ce, gara mu gani a guda biyar da mu gani a guda sittin.” Na tafi bikin da fuskata ta da. Yanzu da na waiwaya, wannan ƙin yarda da ta yi shi ne babban abin da zai sa in ce wa wata ta je wurin.

Ranar babban aikin ma'aikaciyar jinya ta wanke mini fuska, ta shafa wani farin mai mai kashe zafi, wanda ke ɗauke da lidokain da firilokain kashi 2.5 cikin ɗari kowanne, ta rufe shi da siririyar leda, na zauna kusan awa ɗaya har na ji fuskar ta yi nauyi kamar ba tawa ba. An buɗe sabon kan allura daga cikin ledarsa a gabana, abin da na sa ido a kai musamman, domin ciwon hanta nau'in B yana yaɗuwa ta kayan da suka taɓa jinin wani. Likitar ta sa safar hannu da tabarau mai ƙara girma, aka ɗora mini auduga mai laima a kan idanu, sannan ta fara. Kowane taɓi yana zuwa da ɗan ƙara siriri da zafi kamar fantsamar mai a bakin kasko, bai kai daƙiƙa biyu ba. Abin da ban yi tsammani ba shi ne warin, domin ƙauri ne sak irin na babbakar kan rago ranar Babbar Salla, kuma sanin cewa daga fuskata yake tashi ya fi zafin kansa tayar mini da hankali. A kumatu abin da sauƙi, amma da ta iso fatar ido ta ƙasa hawaye suka riƙa zuba ba da son raina ba, ma'aikaciyar jinyar tana riƙe da hannuna tana cewa: “Sannu Anti, saura kaɗan.” Manyan masu reton wuya guda huɗu an yi musu ƙaramar allurar kashe zafi a gindi, aka datse su da ɗan almakashi, aka taɓa wurin da allurar lantarkin don tsayar da jini. Duka aikin bai wuce minti 40 ba, kuma da na duba madubi sai na ga kowane tsiro ya koma ɗan toka-toka ya yamutse, kewayensa ya ɗan tasa.

Kwanakin da suka biyo baya su ne ba a cika ba mutum labarinsu ba. Washegari ɗigon suka yi baƙi ƙirin, suka fi da fitowa fili, har ɗalibaina suna tambaya ko ƙarambau ce ta kama ni. An ce in riƙa shafa man basilin sau biyu ko uku a yini, kada in sa soso, kada in yi dilka ko halawa ko turara fuska na tsawon wata guda, kuma mafi muhimmanci kada in ɓamɓare ɓawon. Na tambayi batun alwala, domin ita ce damuwata ta farko, likitar ta ce ruwa mai tsabta ba zai hana warkewa ba, in dai zan wanke a hankali ba tare da cuɗawa da ƙarfi ba, in kuma daddanna da tawul mai laushi maimakon gogewa. Daga kwana na biyar ɓawon ya fara zuba da kansa a kan matashin kai, zuwa kwana na goma kusan duka sun faɗi, suka bar ɗigo-ɗigo masu haske kaɗan fiye da sauran fatar. Cikin mako shida yawancinsu sun saje da fuskar har ba na iya nuna inda suke.

Guda biyar ne suka ba ni wahala. Biyu daga ciki laifina ne, domin na sa farce na ɓamɓare su tun ba su nuna ba, uku kuma suna daidai inda bakin hijabi ke gogar muƙamuƙi. Dukkansu sun yi duhu fiye da yadda tsiron yake tun asali, ko da yake a shafe suke ba su da tudu. An rubuta mini man azelayik mai kashi 20 cikin ɗari, aka kuma matsa mini a kan man kariyar rana mai lamba 30 ko sama da haka, a shafa kowace safiya a kuma sake da rana. Na yarda cewa kafin wannan lokaci ina cikin masu ganin baƙar fata ba ta bukatar man kariyar rana, amma na lura da idona cewa duk makon da na yi sakaci da shi, musamman da bazara ta shigo, tabban sai su ƙara duhu. Sai da suka ɗauki kusan wata uku kafin su dushe. Wannan ne ma ya sa nake ganin hunturu ya fi dacewa da irin wannan aiki a Kano, duk da ƙurarsa, domin babu gumin da zai jiƙa ɓawon kuma zafin rana da sauƙi.

Tusar jakin yatsa ita ce aka yi wa ruwan nitrojin, tun da ba a fuska take ba. An fesa mata har ta yi fari kamar ƙanƙara, ta yi zogi na kusan awa biyu, washegari ta tara ruwa kamar ƙuna. Sai da aka maimaita sau uku, mako uku-uku tsakani, ina kuma ɗiga mata ruwan salisilik a gida, sannan ta rabu da ni. Har yau akwai ɗan farin tabo a wurin, kuma duk lokacin da na kalle shi sai in gode wa Allah da ba a fuskata aka yi wannan gwaji ba.

Aikin da ban gamsu da shi sosai ba shi ne na tabban haɓa. An yi mini abin da suke kira sheƙe fata da sinadari, wato a shafa ruwan salisilik mai kashi 20 cikin ɗari na 'yan mintuna, fatar ta yi raɗaɗi, bayan kwana biyu ko uku samanta ya riƙa sheƙewa kamar garin dusa. An yi sau uku, kuma ba zan ce bai yi komai ba, domin ƙurajen sun ragu kuma fatar ta yi santsi. Amma idan na auna kuɗin da ya ci da ɗan hasken da tabban suka yi, ina ganin man azelayik da na kariyar rana su suka yi mafi yawan aikin a kan kuɗi kaɗan. Da zan sake, da na fara da mayukan na tsawon wata uku kafin in biya kuɗin sheƙewar. Na tambayi likitar batun haidirokwinon, wanda kowa ya san yana dusar da tabo da sauri. Ta ce magani ne na gaskiya idan likita ya rubuta shi a kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, a ɗiga a kan tabon kaɗai na 'yan watanni sannan a dakata, amma idan aka daɗe ana lafta shi yana haifar da wani duhu mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda kusan ba ya fita. Ta ce mafi yawan matan da ke zuwa mata da fuska a lalace ba tsiro ne ya kawo su ba, haɗe-haɗen mai ne da ake sayarwa a kwalabe marasa suna, waɗanda sau da yawa akwai maganin sitiroyid mai ƙarfi a cikinsu, wani lokaci har da sinadarin makuri, wato zaiba, abubuwan da hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kansu.

Ƙanwata ta raka ni zuwa na huɗu da niyyar ita ma a yi mata, amma da likitar ta ga keloyid, wato tabon da ke kumbura ya yi tudu, da ke bayan kunnenta, wanda ya taso bayan huji na biyu, sai ta ce ba za ta taɓa mata na ƙirji da na kafaɗa ba, domin wuraren nan su ne keloyid ya fi so, kuma ɗan ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba yana iya komawa tudun da ya kai gyaɗa. Sai ta fara yi wa na kunnen allurar tirayamsinolon a cikin tudun, mako huɗu zuwa shida tsakani. Allurar tana da zafi sosai, amma bayan ta uku tudun ya yi laushi ya kwanta, ƙaiƙayin ma ya daina.

Ta fuskar kuɗi ina da ƙorafi na gaske. Ba a faɗa mini jimlar abin da zan kashe ba tun farko. Kuɗin kati daban, na ganin likita daban, fuska da wuya kowanne da farashinsa, man kashe zafin ma sai da na zo biya na ga an lissafa shi shi kaɗai. Idan na haɗa duka zuwan, abin ya tasam ma albashina na wata guda, kuma inshorar lafiyar da nake ciki ba ta ɗauki ko sisi ba, tun da ana lissafa shi a matsayin kwalliya. Abu na biyu shi ne kantar kayan shafa da ke bakin ƙofa. Likita takan rubuta abu biyu, amma kafin ka fita masu kantar sun jera maka shida, suna magana kamar duk umarnin likita ne, kuma da na duba a wani kyamis na tarar da man kariyar ranar iri ɗaya a farashi mai sauƙi sosai. Na uku, takardar amincewa da ta kula da kai bayan aiki duk da Turanci aka rubuta su, alhali yawancin matan da na zauna da su a ɗakin jira da Hausa suke magana, kuma na ga wata dattijuwa ta dangwala hannu ba tare da an karanta mata komai ba. A aikin da rabin nasararsa ta rataya a kan abin da mutum zai yi a gida, wannan sakaci ne babba. Na huɗu, lambar wayar da suka bayar don tambaya ba a ɗaga ta ranar Asabar da Lahadi, kuma a daidai ranar Asabar ce wuyana ya yi ja na shiga damuwa.

Duk da waɗannan, idan aka ce in zaɓa tsakanin wurin nan da shagon gyaran jiki mai araha, ba zan yi dogon tunani ba, domin araha ba ta ado. Biron ƙona tsiro da ruwan cire tawadar Allah da ake tallatawa a Instagram da TikTok ba abin wasa ba ne. A watan Agusta na 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa kamfanoni uku takardar gargaɗi, ciki har da Amazon, a kan sayar da magungunan cire tawada da tsiron fata waɗanda ba ta amince da su ba. Shawarata ga mai niyya ita ce ta tabbatar wanda zai taɓa mata fuska likita ne mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, ta tambaya ko ya ƙware a fannin fata, ta nemi ganin hotunan aikinsa a kan masu irin launinta bayan wata uku ba bayan kwana uku ba, ta kuma nemi a rubuta mata jimlar kuɗi kafin a fara. Wadda kuɗin asibiti mai zaman kansa ya yi mata yawa tana iya fara zuwa sashen fata na asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, ko da don a duba a faɗa mata ainihin abin da ke jikinta.

Wata tambaya da ta tsaya mini kafin in je ita ce ko wannan bai shiga canza halittar Allah ba. Na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ta ce malamai sun bambanta tsakanin kawar da aibi ko abin da ke cutarwa da kuma sauya halitta don neman ƙarin kyau, ta kuma kawo mini labarin sahabin nan Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Da wannan bayani hankalina ya kwanta, musamman a kan na wuyan da suke zubar da jini.

Yanzu an kusa shekara da yin aikin. Waɗanda aka cire ba su dawo ba, wuyana ya huta da maƙalewar sarƙa, tawadar tafin ƙafa tana nan yadda take a awo na biyu, kuma sukarina ya sauko bayan na rage zaƙi na kama tafiyar ƙafa da yamma. Sabbin ɗigo guda bakwai sun fito a gefen idon hagu, ƙanana ƙwarai, kamar yadda likitar ta faɗa tun farko cewa allura tana cire wanda ya fito ne, ba ta hana gado aikinsa. Zan koma a yi musu idan hunturu ya shigo, kuma wannan karon tare da mahaifiyata za mu je. Ta ce na fuskarta a bar mata su, da su ta san fuskar tata mahaifiyar, amma akwai wani babba a wuyanta da carbi ke kamawa idan ta rataya shi, shi take so likita ta duba.